Ƙofofin da Aka Rufe wa Yahudawan Turai: Sakaci Ne, Ko Abin Ne Ya Fi Ƙarfi?

A watan Maris na 1941 gwamnatin Vichy, wadda ta miƙa wuya ga Jamus bayan an ci Faransa da yaƙi, ta kafa dokar shimfiɗa layin dogo daga gaɓar Bahar Rum, ya ratsa Sahara, ya sauka bakin kogin Kwara. Waɗanda aka ɗora wa fasa dutse da jidar ƙasa a sansanonin Bou Arfa da Berguent da Kenadsa, a kan iyakar Maroko da Aljeriya, tsararru ne: 'yan Sifaniya da suka tsere wa Franco, da Yahudawan da suka tsere wa Hitila, wasunsu ma sun sa kakin sojan Faransa kafin a tsare su. Layin bai taɓa ƙetare hamadar ba. Amma a shekarun nan, wanda ya tashi daga Jahun ya bi ta Gujungu da Gumel ya isa Maigatari, taku kaɗan ya rage masa ya shiga ƙasar da ke hannun gwamnatin da ta kafa wa Yahudawa dokar wariya. A namu ɓangaren kuwa gyaɗa na hawa jirgin ƙasa a Malam Madori da Ringim, samari na sa kaki zuwa Habasha da Bama, jiragen yaƙin da aka harhaɗa a Takoradi na sauka Kano shan mai a kan hanyarsu ta Masar. Yaƙin Hitila, yadda tsofaffi ke kiransa, bai tsallake mu ba.

Cikin wannan yaƙi ne 'yan Nazi da 'yan kanzaginsu suka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, kusan biyu cikin kowane uku na Yahudawan Turai, ƙananan yara sun haura miliyan ɗaya a cikinsu. Babu masanin tarihi na ƙwarai da ke ja a kan wannan, domin takardun da makasan suka rubuta da hannunsu suna nan, an baje su a shari'ar Nuremberg. Inda masana suka rabu gida biyu shi ne a kan sauran duniya. Irin su David Wyman, Ba'amurken da ya fitar da littafi a kan batun a 1984, sun ce Amurka da Birtaniya da sauran ƙasashe sun ga abin da ake yi suka kau da kai. Irin su William Rubinstein kuwa, a nasa littafin na 1997, sun ce tuhumar ta wuce gona da iri, wanda ke hannun Hitila ba mai ƙwato shi sai an karya hannun.

Na san akwai mai karatun da da zarar sunan Yahudawa ya shiga kunnensa sai Gaza ta faɗo masa a rai. Raɗaɗin nan na gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Amma yarinyar da aka cusa a tarago a Warsaw a 1942 ba ta taɓa ƙwace gonar kowa ba, kuma ba a maganin zalunci da musanta wani zaluncin. Tambayar abin da ya hau kan maƙwabci idan ana kashe mutane a gidan da ke jikin katangarsa tambayarmu ce, mu da muka ga mutanen Borno da Yobe sun iso Jigawa da ƙullin kaya a ka, muka ga na Damasak da Malam Fatori sun ƙetara Diffa, na Sakkwato da Zamfara da Katsina sun ƙetara Maraɗi.

Masu tuhuma: shekara shida ana ƙwanƙwasa ƙofa

Masu tuhuma suna fara lissafinsu tun kafin a harba harsashin farko. Hitila ya hau mulki a Janairun 1933. Dokokin 1935 suka tuɓe wa Yahudawa zama 'yan ƙasa, suka haramta auratayya tsakaninsu da sauran Jamusawa. A Maris na 1938 ya haɗiye Ostiriya, 'yan jaridar ƙetare suka ga ana tilasta wa dattawa durƙusawa su goge titunan Vienna. A lokacin manufar 'yan Nazi kora ce: ka bar dukiyarka ka fita. Ƙofar fita a buɗe take. Ta shiga ce ta yi wuya.

A Yulin 1938 Shugaba Roosevelt na Amurka ya tara wakilan ƙasashe 32 a garin Evian na Faransa. Aka yi kwanaki ana jawabin jajantawa, kowane wakili ya tashi ya faɗi dalilin da ya sa ƙasarsa ta cika. Na Ostireliya ya fito fili ya ce ba su da matsalar launin fata, ba kuma za su shigo da ita ba. Jamhuriyar Dominika ce kaɗai ta yi tayi mai tsoka, na mutum 100,000, a ƙarshe 'yan ɗaruruwa suka isa. Jaridun Nazi suka yi ta shewa cewa ga shi nan, masu zagin Jamus su ma ba sa son Yahudawan. Wata huɗu bayan taron, a daren 9 ga Nuwamba, aka ƙona wuraren ibadarsu a faɗin Jamus da Ostiriya, aka farfasa shagunansu, aka kwashe maza wajen 30,000 zuwa sansanonin gwale-gwale.

To, bayan wannan dare wa zai ce bai sani ba? Wata ƙuri'ar jin ra'ayi a Amurka a watan ta nuna sama da kashi 90 cikin ɗari sun yi tir da abin da Jamus ke yi, amma sama da kashi 70 ba su yarda a ƙara yawan masu shigowa ba. Ƙudurin Wagner da Rogers na 1939, wanda ya nemi a karɓi yara 20,000, ya mutu a kwamitin majalisa. A Mayun shekarar jirgin ruwa mai suna St. Louis ya bar Hamburg da mutum 937. Kyuba ta karɓi ƙasa da talatin, Amurka ta hana sauran sauka alhali suna hango fitilun Miami, Kanada ma ta ƙi. Jirgin ya juya Turai, aka rarraba su tsakanin Birtaniya da Faransa da Beljiyam da Holan, daga baya 254 daga cikinsu suka mutu a hannun 'yan Nazi. Suwizalan kuwa da ita aka yi shawarar buga jan harafin J a fasfon Yahudawan Jamus a Oktoban 1938, don jami'an iyaka su gane wanda za su mayar. Masu tuhuma suna ƙarawa da cewa gurbin da dokar Amurka ta ware wa 'yan Jamus, kusan 26,000 a shekara, ba a cika shi ba ko sau ɗaya daga 1933 zuwa 1938. Babu buƙatar sabuwar doka. Wadda ke akwai ma an riƙe ta da rowa.

Masu kariya: da na sani ƙeya ce

Ɗaya ɓangaren suna cewa mai tuhuma yana tsaye ne a 1945, gawarwaki a gabansa, yana yi wa mutanen 1938 shari'a da abin da ba su gani ba. A lokacin taron Evian babu sansanin kisa na Treblinka, babu ɗakunan iskar guba, 'yan Nazi su kansu ba su yanke shawarar kisan ƙare dangi ba sai a 1941. Abin da duniya ta gani zalunci ne da kora, irin wanda Turai ta saba gani, ba wanda ya yi zaton za a gina masana'antar kisa. Ga kuma karayar arziki: a 1938 kusan mutum ɗaya cikin biyar na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki. Ɗan siyasar da ya ce a buɗe ƙofa a irin wannan hali ya san zai rasa kujerarsa, ƙila ma majalisa ta fusata ta rage gurbin da ke akwai. Wannan tsoro ba baƙo ba ne a wurinmu. Da tattalin arziki ya tsuke, Ghana ta kori baƙi a 1969, har da Hausawan zango, Najeriya ma ta yi nata a 1983. Ba a kashe waɗanda aka kora ba, nisan da ke tsakanin abubuwan biyu ke nan, amma hujjar ɗaya ce: abincin bai ishi 'yan gida ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ta alƙaluma ce. Yahudawan Jamus sun ɗan haura 500,000 a 1933, kuma zuwa lokacin da yaƙi ya ɓarke wajen 280,000 sun fita, ban da sama da 100,000 daga Ostiriya. Ke nan wani ya karɓe su. Birtaniya ta ɗauki yara kusan 10,000 cikin wata tara bayan daren ƙone-ƙonen nan. Amurka ta cika gurbinta a 1939, wanda ya zama 27,370 bayan an haɗe shi da na Ostiriya, ita ce ma ta fi kowa karɓa. Shanghai ta karɓi kusan 20,000 ba tare da biza ba. Filifin da Bolibiya da Ajantina duk sun karɓa.

Sannan suna tambaya: su wa aka fi kashewa? Yahudawan Folan sun kai miliyan 3.3, aka kashe wajen miliyan 3. Na Tarayyar Sobiyet aka bi su gari gari ana harbewa, a kwarin Babi Yar kaɗai aka kashe 33,771 cikin kwana biyu a ƙarshen Satumban 1941. Waɗannan mutane a 1938 suna zaune a ƙasashensu, ba sa cikin waɗanda aka taru a kansu a Evian. Ko da kowace ƙasa ta buɗe ƙofa a ranar, ba su ne za su shigo ba. Waɗanda ma Faransa da Holan da Beljiyam suka ba mafaka, sojan Jamus ya riske su a can a 1940. A Oktoban 1941 kuma 'yan Nazi suka rufe ƙofar fita da kansu.

Masu tuhuma: bayan labari ya tabbata

Masu tuhuma sukan ce to, mu bar 1938, mu dawo lokacin da babu sauran shakka. A Agustan 1942 Gerhart Riegner, wakilin wata ƙungiyar Yahudawa a Geneva, ya buga tangaraho cewa akwai shirin shafe Yahudawan Turai gaba ɗaya. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ƙi isar da saƙon ga malamin Yahudawa Stephen Wise, sai ta Landan ya same shi, aka kuma roƙe shi ya yi shiru har Nuwamba. Ranar 17 ga Disamba 1942 ministan harkokin waje Anthony Eden ya karanta wa majalisar Birtaniya sanarwar ƙasashen ƙawance da ta tabbatar da kisan, 'yan majalisa suka miƙe tsaye suka yi tsit. Jan Karski, ɗan aiken masu gwagwarmayar Folan, wanda ya shiga unguwar da aka killace Yahudawa a Warsaw ya gani da idonsa, ya faɗa wa Eden, ya faɗa wa Roosevelt.

Me ya biyo baya? A Fabrairun 1943 ma'aikatar wajen Amurka ta umarci ofishinta na Bern ya daina turo irin waɗannan rahotanni. A Afrilu Amurka da Birtaniya suka yi taro a tsibirin Bermuda, nesa da 'yan jarida, bayan sun amince ba za a taɓa dokar shiga Amurka ba, ba za a taɓa batun Falasɗinu ba. Ranar da aka buɗe taron, 19 ga Afrilu, ita ce ranar da ragowar Yahudawan Warsaw suka ɗauki 'yan bindigoginsu suka tunkari sojan Jamus. A Mayu, Szmul Zygielbojm, wakilinsu a majalisar Folan da ke gudun hijira a Landan, ya kashe kansa, ya bar wasiƙa yana ɗora alhaki a kan shirun duniya. A ƙarshen shekarar, da aka taso da zancen fitar da Yahudawa 70,000 daga Romaniya, ma'aikatar wajen Birtaniya ta rubuta cewa damuwarta ita ce inda za a kai su idan an cece su da yawa haka.

Wannan ce magana mafi nauyi a duk muhawarar, a ganina. Jami'an nan nasarar ceto suke tsoro, ba faɗuwarsa ba. Ga kuma abin da aka yi a wuraren da Hitila ba shi da iko. Birtaniya ta kama 'yan gudun hijira wajen 1,580 da suka nufi Falasɗinu ta kai su gidan yari a tsibirin Morishas a Disamban 1940, suka zauna har 1945, sama da 120 suka mutu a can. Jirgin Struma ya yi mako goma a tashar Istanbul da 'yan gudun hijira sama da 760, Birtaniya ta hana su izinin wucewa Falasɗinu, Turkiyya ta hana su sauka, a ƙarshe aka ja shi zuwa cikin teku ba inji mai aiki, jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet ya nutsar da shi a Fabrairun 1942. Mutum ɗaya ya tsira. Sansanonin layin dogon Sahara da na ambata, ƙasashen ƙawance sun sauka Maroko da Aljeriya a Nuwamban 1942, amma suka bar jami'an Vichy a kan kujerunsu, tsararrun suka ƙara watanni a ciki. Yahudawan Aljeriya da aka ƙwace wa takardar zama 'yan ƙasa a 1940 ba a mayar musu ba sai Oktoban 1943.

Sai a Janairun 1944, bayan ma'aikatan Henry Morgenthau na ma'aikatar kuɗi sun tono ɓoye-ɓoyen da ake yi sun kai wa Roosevelt, aka kafa hukumar ceton 'yan gudun hijirar yaƙi. Da ɗan kuɗi kaɗan, yawancinsa ma gudummawar ƙungiyoyin Yahudawa, ta ceci dubun dubata. Masu tuhuma suna tambaya: da an kafa ta a Disamban 1942 fa? Haka batun sansanin kisa na Auschwitz. An roƙi a yi wa ɗakunan guba da layin dogon da ke kai mutane can ruwan bama-bamai, John McCloy na ma'aikatar yaƙi ya ce hakan zai karkatar da jirage daga fagen daga. Alhali ranar 20 ga Agusta 1944 jiragen Amurka sun kai hari masana'antar IG Farben da ke Monowitz, tazarar da ba ta kai kilomita 10 ba daga inda ake ƙona gawarwaki.

Masu kariya: a dubi taswira da kalanda

Amsar wancan ɓangare a nan gajera ce, amma tana da ƙarfi. Shekarar da aka fi kisa ita ce 1942. Wani tangarahon jami'in Nazi Hermann Höfle ya lissafa mutum 1,274,166 da aka kai sansanonin kisa huɗu a gabashin Folan zuwa ƙarshen shekarar. A wannan shekara Singafo ta faɗi, Janar Rommel na Jamus yana bakin Masar, sojan Jamus ya kai Stalingrad, jiragen ƙarƙashin teku suna nutsar da abincin Birtaniya a Atlantika. Babu sojan ƙawance ko ɗaya da ke kusa da Treblinka. Kafin jiragen Amurka su samu filayen tashi a kudancin Italiya da za su kai su Folan su dawo, an riga an gama da Belzec da Sobibor da Treblinka, an rushe su an shuka itatuwa a kai.

Kan Auschwitz suna cewa bam na wancan zamani ba ya zaɓen gini. Fursunoni dubbai suna kwance dab da ɗakunan guba. A Maris na 1945 jiragen Birtaniya sun je rusa ofishin 'yan sandan Nazi a Copenhagen, suka faɗa kan wata makaranta, yara sama da 80 suka mutu. Layin dogo kuwa ana gyara shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma mutanen da suka kashe sama da miliyan ɗaya da harsashi ba za su tsaya don an rusa musu gini ba. Shugabannin Yahudawa ma kansu ya rabu, a Yunin 1944 majalisar zartarwar hukumarsu a Ƙudus ta ƙi amincewa a nemi harin. Abin da ya tsayar da kisan, in ji su, shi ne sojan Sobiyet da ya shiga Auschwitz ranar 27 ga Janairu 1945, ƙasarsa kuma ta yi asarar rayuka wajen miliyan 27 a yaƙin. Duk jirgin da aka ɗauke daga fagen daga ya ƙara wa Hitila kwana, kowane kwana kuma rayuka ne.

Ƙananan ƙasashe, da namu 'yan'uwan

Akwai shaidun da ɓangarorin biyu ke ja a kansu, kowa na cewa nasa ne. A Oktoban 1943 mutanen Denmak, da masuntansu, suka ƙetarar da Yahudawa wajen 7,200 zuwa Suwidin cikin 'yan makonni. Mai kariya zai ce mashigin ruwan ƙarami ne, Yahudawan kaɗan ne, wani jami'in Jamus, Georg Duckwitz, shi ya tsegunta ranar kamen. Mai tuhuma zai ce duk da haka ba wanda zai hau jirgin masunci da Suwidin ba ta yi shela cewa za ta karɓa ba. A Bulgeriya ɗan majalisa Dimitar Peshev da manyan limaman coci sun tsaya kai da fata, Yahudawa wajen 48,000 suka tsira, amma gwamnatin nan ce ta miƙa 11,343 daga yankunan Masedoniya da Tires da ta mamaye. A Faransa 'yan sandan Faransa ne, ba Jamusawa ba, suka kama mutum 13,152 a Paris cikin kwana biyu a Yulin 1942, abin da sai a 1995 Shugaba Chirac ya amsa laifinsa da sunan ƙasa. A Holan, inda rajistar jama'a ta fi ta ko'ina tsari, uku cikin huɗu suka halaka.

Musulmi ma suna cikin labarin, ta fuska biyu, kuma ya kamata mu faɗi duka. Albaniya, mai rinjayen Musulmi, ta fito daga yaƙin da Yahudawa fiye da waɗanda ta shiga da su, saboda al'adarsu ta riƙon amanar baƙo. A Maroko dokokin Vichy sun yi aiki, amma Sarki Muhammadu na Biyar ya nuna ƙin dokokin, ya gayyaci shugabannin Yahudawa bikin sarautarsa a 1941 ya zaunar da su a gaban jami'an Faransa. Khaled Abdul-Wahab ya ɓoye iyalai a gonarsa kusa da Mahdiya lokacin da Jamus ta mamaye Tunisiya. Likita Mohamed Helmy, Bamisire, ya ɓoye wata yarinya a Berlin. Selahattin Ülkümen, ƙaramin jakadan Turkiyya a tsibirin Rodes, ya fizge mutum arba'in da 'yan kai daga jerin waɗanda za a kwashe a 1944. Duk wanda ya san yadda Najjashi ya karɓi sahabbai a Habasha, ya kuma ƙi miƙa su ga 'yan aiken Ƙuraishawa, zai gane wannan hali. A ɗaya fuskar kuma akwai Hajj Amin al-Husaini, Muftin Ƙudus, da ya gana da Hitila a Nuwamban 1941 ya yi wa Jamus farfaganda a rediyo, akwai kuma tarzomar Bagadaza ta Yunin 1941 da ta ci rayukan Yahudawa sama da ɗari.

Batun Falasɗinu ya fi kowanne ƙulli. A Mayun 1939 Birtaniya ta ƙayyade shigar Yahudawa zuwa 75,000 cikin shekara biyar, bayan boren Larabawa na 1936 zuwa 1939. Ga mai tsere wa mutuwa, an rufe ƙofa ce a ranar da aka fi buƙatarta. Ga Bafalasɗine kuma, tambayarsa ita ce don me ƙasashe masu faɗi irin Amurka da Kanada da Ostireliya za su ƙulle nasu, sannan a ce ƙaramar ƙasarsa da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ita za ta biya bashin laifin Turai. Wannan tambaya ba ta wanke wanda ya mayar da Struma teku ba, amma tana ƙara wa mahalarta Evian nauyi.

Tankaɗe da rairaya

Idan aka aje hujjojin a faifai, abin da na gani shi ne kowane ɓangare yana da shekarun da gaskiya ke tare da shi. Mu mutanen fadamar Haɗeja mun san wannan a jikinmu. Ambaliyar 2022 ta koya wa Jahun da Miga da Auyo cewa akwai lokacin da amalanke ke isa a kwashe iyali da hatsi, akwai kuma lokacin da ruwa ya ɓalle jinga ya yanke hanya, kwalekwale goma ba sa kwashe gari. Ba a zargin mai kwalekwale don bai ceci kowa ba. Ana tambayarsa ne ko ya tura shi ruwa, ana kuma tambayar mutanen tudu ko sun buɗe ajujuwan makaranta tun ruwa yana idon sawu.

A kan 1942 masu kariya sun yi gaskiya. Ban ga wata dabara da za ta ceci Yahudawan Folan a wannan shekara ba, kuma duk wanda ya ce ana iya ceton miliyoyi bai dubi taswira ba. A kan 1933 zuwa 1941 kuwa hujjarsu ta rashin sanin gaibu ba ta gamsar da ni. Ba sai an hango ɗakin guba ake buɗe wa yaron da aka ƙona wa wurin ibada aka tsare masa uba ƙofa ba. Abin da aka gani ya isa. Yara 20,000 ba za su ƙwace aikin kowa ba. Kuma alƙaluman waɗanda suka fita suna yanka ta baki biyu: sun nuna an karɓi mutane, sun kuma nuna kowace biza rai ce, ga shi an bar dubbai a aljihun tebur.

Hungari ce ta fi karkata ni. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yulin 1944 aka kwashe Yahudawa wajen 437,000, yawanci zuwa Auschwitz. Da rahoton fursunoni biyu da suka tsere, Rudolf Vrba da Alfréd Wetzler, ya shiga jaridun Suwizalan, Fafaroma da Sarkin Suwidin da Roosevelt suka aika wa shugaban Hungari, Horthy, saƙo, aka kuma kai wa Budapest hari ta sama ranar 2 ga Yuli. Cikin kwanaki ya tsayar da taragun. Jami'an jakadanci Raoul Wallenberg da Carl Lutz suka shiga rabon takardun kariya, sama da mutum 100,000 suka rayu a birnin. Magana da barazana da takarda sun yi aiki. Amma a nan ma mai kariya yana da abin faɗa: Horthy ya ji maganar ne domin sojan ƙawance sun sauka Normandy, sojan Sobiyet na ƙaratowa, ya ga inda yaƙi ya dosa. Da an yi masa ita a 1942 ƙila ya yi watsi da ita. Batun jefa wa Auschwitz bam kuwa na bar shi a buɗe, domin masana harkar jiragen yaƙi har yau ba su daidaita ba, kuma wasu daga waɗanda suka tsira sun ce sun yi ta addu'ar bam ɗin ya sauka ko da a kansu ne. Nawa za a iya ceta da an yi duk abin da zai yiwu, dubu hamsin ko dubu ɗari biyar, wannan lissafi ne da ba mai iya rufe shi.

Bayan yaƙi duniya ta rubuta alƙawura: yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948, wadda Raphael Lemkin ya yi wa fafutuka bayan ya rasa danginsa, da ta 'yan gudun hijira ta 1951 mai hana a mayar da mutum inda za a kashe shi, da wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla a Addis Ababa a 1969. Gwajin da ya shafe mu kai tsaye ya zo a Ruwanda a 1994, Najeriya na zaune a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, Farfesa Ibrahim Gambari na wakiltarta. Tun Janairu kwamandan sojan Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda, Roméo Dallaire, ya aiko da gargaɗi. Da kisa ya ɓarke a Afrilu, Najeriya ta gabatar da daftari a madadin ƙasashen 'yan ba-ruwanmu na a ƙarfafa rundunar. Manyan ƙasashe suka ƙi, ranar 21 ga Afrilu kwamitin ya rage ta zuwa mutum 270, da ƙuri'ar kowa har da tamu. A Mayu, Gambari na shugabancin kwamitin, aka amince da soja 5,500, amma ba su isa ba sai da aka kashe wajen mutum 800,000. Magada hujjar Rubinstein suna nuna cewa abin da ya tsayar da kisan shi ne dakarun Paul Kagame da suka kama Kigali a farkon Yuli. Magada ta Wyman kuma suna nuna takardar da Dallaire ya aiko wata uku kafin a fara.